Wasan Kwamfuta A Ƙuruciya: Abin Da 'Yan Zamanin Spectrum Suke Tunawa

Masu nazarin al'adu sun daɗe da fahimtar cewa wasannin yara ba abin rainawa ba ne. Tun a 1938 Johan Huizinga, masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, ya kafa hujja a littafinsa Homo Ludens cewa wasa ya girmi al'ada kanta. Bayansa kuma Iona da Peter Opie, mata da miji, suka shafe shekaru suna tattara waƙe-waƙe da zambo da dokokin wasa daga bakin 'yan makarantun Biritaniya, suka fitar da littafi ɗaya a 1959, wani kuma a 1969. Abin da suka tarar shi ne yara suna da wata al'ada tasu ta kansu, wadda suke miƙa wa juna da baki, manya ba su ma san da ita ba. Shekara 13 bayan littafin na biyu sai ga wani baƙon abin wasa ya shigo cikin wannan al'ada, watau kwamfutar gida.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da yaran Biritaniya na shekarun 1980 suke tunawa game da wasanni a kan waɗannan na'urori, da dalilin da ya sa tunanin ya ɗauki kamannin da ya ɗauka. Abin lura tun da farko shi ne, idan waɗannan mutane suna ba da labari, yanzu da suka haura shekara 50, wasan kansa ba shi ne yake cin rabo mafi girma ba. Abubuwan da suke kewaye da wasan su ne suka fi zama a rai: jira, da ƙara, da kuskure, da musaya tsakanin abokai.

Yadda na'urar ta shiga gida

Kafin 1980 kwamfuta kayan banki ce da jami'a da ma'aikatar gwamnati. Wanda ya fi kowa karya farashinta a Biritaniya shi ne Clive Sinclair, mai kamfani a garin Kambirij. A 1980 ya fitar da ZX80 a kan kuɗin da bai kai fam 100 ba. A 1981 ya biyo da ZX81, wadda ƙwaƙwalwarta kilobait 1 ce tak, watau wurin ajiye haruffa 1,024, abin da bai cika shafi guda na wannan mujalla ba. Sa'an nan a watan Afrilu na 1982 aka fitar da ZX Spectrum, mai launi da ɗan sauti, iri biyu: mai kilobait 16 a kan fam 125, da mai kilobait 48 a kan fam 175. An sayar da kimanin miliyan 5 kafin a daina ƙera ta a 1992. Abokan hamayyarta biyu ne. Akwai Commodore 64 ta Amurka, ita ma ta 1982, wadda ta fi ta daɗin sauti nesa ba kusa ba. Akwai kuma BBC Micro, wadda kamfanin Acorn ya ƙera a ƙarshen 1981 domin shirin wayar da kai na gidan rediyo da talabijin na BBC. Ita ce ta cika makarantu, amma tsadarta ta hana ta cika gidaje, domin babbarta ta kai fam 399.

Iyaye da yawa sun sayi na'urar ne da niyyar ilimi. Gwamnati ta ayyana 1982 a matsayin shekarar fasahar sarrafa bayanai, ana ta faɗa wa jama'a cewa yaron da bai san kwamfuta ba zai rasa abin yi idan ya girma, a daidai lokacin da marasa aikin yi a ƙasar suka haura miliyan 3. Yara suka yi alkawarin za su yi aikin gida da ita. Kowa ya san yadda alkawarin ya ƙare.

Na'urar ba ta zuwa da allon kallo nata, sai dai a jona ta da talabijin ɗin gidan, wanda galibi ɗaya ne, a falo. Saboda haka wasa ya zama abin da ake nema wa izini, ana ciniki a kan lokacinsa, ana kuma tsinke shi ba shiri idan lokacin labarai ya yi. Wannan ƙarancin lokaci yana daga cikin abubuwan da suka ba wasan daraja.

Jira da ƙara

Ba a ajiye wasa a cikin na'urar. Duk sa'ad da aka kashe wuta, kome ya goge. Wasan yana zuwa ne a kan kaset, irin wanda mai karatu ya saba jin waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo a cikinsa, ana kuma sa shi a rikoda ta yau da kullum. Bambancin kawai, maimakon waƙa, abin da aka naɗa sauti ne iri biyu, gajere da dogo, ɗaya a madadin sifiri ɗaya a madadin lamba ɗaya. Yaro zai danna harafin J, kalmar LOAD ta fito gaba ɗayanta, ya sa alamar zance sau biyu, sa'an nan ya kunna rikoda. Daga nan sai tsuwa da kururuwa mai kama da ta gyare da ta injin niƙa a haɗe, gefen allo yana walƙiya da zane-zanen ja da shuɗi mai haske, daga baya su koma shuɗi da rawaya. Spectrum tana karɓar kimanin ɗigon bayani 1,500 a daƙiƙa, saboda haka ɗura babban wasa yakan ci minti 4 ko 5.

Ba kullum ake dacewa ba. Idan ƙarar rikoda ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ko kan rikodar ya ɗan karkace, ko zaren kaset ya miƙe, sai a ga saƙon kuskure a ƙasan allo bayan an gama jiran duka, a koma farko. A nan ne wani abu mai jan hankalin mai nazarin al'ada ya ɓullo. Da yake yara ba su san ainihin musabbabin kuskuren ba, sai suka ƙago masa camfe-camfe: kada kowa ya yi motsi a ɗaki, kada a buɗe ƙofa, kada a taɓa tebur, wasu ma har riƙe numfashi suke yi a daƙiƙun ƙarshe. Wasu daga cikin waɗannan dokoki suna da ɗan tushe, domin wayar wutar na'urar takan yi sako-sako, girgiza kaɗan sai ta mutu. Sauran kuwa camfi ne zalla, irin wanda ɗan Adam yake sakawa a duk inda sakamako ya fi ƙarfin saninsa.

Tun da shirin kwamfuta sauti ne, ashe ana iya watsa shi ta rediyo, an kuwa yi hakan. Gidan rediyon Holan ya yi, BBC ta yi a shirin The Chip Shop a 1984, a Yugoslabiya kuma Zoran Modli ya riƙa watsa wasanni a shirinsa Ventilator 202 daga Balgired. Masu saurare sukan kwana da rikoda a gefen rediyo, su naɗi kururuwar, da safe su ɗura ta.

Harshen da aka yi magana da na'urar

Wannan fanni shi ne ya fi shafar masu nazarin harshe. Kwamfutar wancan zamani, da an kunna ta, ba ta nuna hoto ko zaɓi. Fili ne fayau da 'yar alama tana ƙiftawa, tana jiran umarni cikin harshen BASIC, wanda John Kemeny da Thomas Kurtz suka tsara a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1964. Watau ko wanda wasa kaɗai ya kawo shi, tilas ya furta kalma ɗaya ta wannan harshe kafin a buɗe masa ƙofa. Da yawa ba su tsaya a kalma ɗaya ba. Shirin farko da kusan kowa ya koya layi biyu ne: layi na 10 ya ce a rubuta abu kaza, layi na 20 ya ce a koma layi na 10. Da wannan ne yara suke shiga kantunan da aka baje na'urori, su cika allo da sunansu ko da zagin wani aboki, su sulale kafin mai kanti ya waiwayo. Zambon da su Opie suka tarar a filin makaranta ke nan ya sami sabon bango.

Mujallu kuma sukan buga wasa gaba ɗayansa a rubuce, shafi uku ko huɗu na ƙananan haruffa, mai so ya kwafa da hannu. Aikin yini guda ne, sau da yawa na mutum biyu, ɗaya yana karantawa ɗaya yana bugawa a kan maɓallan roba. Idan an gama, da wuya shirin ya tashi a karon farko. Waƙafi ɗaya da aka tsallake, ko sifiri da aka ɗauka harafin O ne, ya isa ya tsayar da kome. Wani lokaci ma kuskuren daga maɗaba'a yake, sai wata mai zuwa a ga gyara. Malamin da ya taɓa fama da kwafen rubutun hannu zai gane wannan hali. Neman inda kuskuren yake shi ya tilasta wa yaro ya fahimci abin da kowane layi yake nufi, da haka kuma mai kwafa ya zama mai gyara, mai gyara ya zama mai ƙira. Lalle babu manhajar makaranta da ta koyar da abin da waɗannan kurakurai suka koyar.

Akwai kuma wasannin da harshe ne jikinsu duka. Asalinsu Colossal Cave Adventure ne, wanda Will Crowther ya rubuta a tsakiyar shekarun 1970, Don Woods ya faɗaɗa a 1977. Na'ura takan siffanta wuri da kalmomi, mai wasa ya amsa da jimla mai kalma biyu, aikatau da karɓau: ɗauki fitila, buɗe ƙofa, nufi arewa. Duk kalmar da ba ta cikin ɗan ƙamusun wasan, sai na'ura ta ce ba ta gane ba. Yaro yakan san sarai abin da ya kamata ya yi, amma ya kwana yana laluben aikatau ɗin da mai shirin ya zaɓa, yana jero masu kama da juna cikin ma'ana har ya dace. A 1982 kamfanin Melbourne House ya fitar da The Hobbit, aikin Veronika Megler da Philip Mitchell a Ostireliya, wanda yake karɓar doguwar jimla mai bayanau, har a umarci wani ɗan wasa ya yi abu. An sayar da shi tare da littafin Tolkien, domin mafitar matsalolin tana cikin labarin.

Dukan wannan da Ingilishi ake yi, saboda haka ga yaran da ba harshensu ba ne, wasa ya zama ajin koyon Ingilishi na farko; 'yan Poland da Rasha da Barazil, inda aka yi ta ƙera kwaikwayon Spectrum, sukan ambaci wasa da ƙamus a cinya. Ƙasashen Larabawa sun bi wata hanya dabam. Kamfanin Al-Alamiyya na Kuwait, na Muhammad al-Sharikh, ya fitar da kwamfutocin Sakhr a kan tsarin MSX na Japan, masu haruffan Larabci da rubutu daga dama zuwa hagu, yaran Masar da Saudiyya da Sudan da suka same su kuwa da wannan suna suke tuna zamanin. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su cikin haruffa 128 na tsarin ASCII da aka gina na'urorin a kansa; sai da tsarin Unicode ya zo, wanda aka fara fitarwa a 1991, suka sami gurbi tabbatacce. Amma abin sha'awa, Spectrum ta bar gurabe 21 domin mai ita ya zana alamomin da yake so, kowace a cikin murabba'i mai ɗigo 8 tsaye 8 kwance. An tanade su ne domin zanen dodanni da jiragen sama, ko da yake da sun wadatar da ƙananan haruffan Hausa da manyansu har da saura.

Filin makaranta

Ana yawan zaton wasan kwamfuta wasan kaɗaici ne. A wancan zamani ba haka abin yake ba. Sabon wasa yakan kai fam 6 zuwa 10, kuɗin da yaro ba ya da shi, har sai da kamfanin Mastertronic ya fara sayar da nasa a kan fam 2 ba kwabo ɗaya a 1984. Amma kwafar kaset ba ta buƙatar kome sai rikoda biyu. Mutum ɗaya ya saya, aji guda ya samu. Kaset mai minti 90 cike da wasanni, sunayensu a rubuce da biro tare da lambar inda kowanne ya fara, shi ne kuɗin da yake yawo a filin makaranta. Kamfanoni suka yi ta kokawa, majalisa ta yi doka a 1985 wadda ta fayyace cewa haƙƙin mallaka ya shafi shirin kwamfuta, aka kuma ƙago dabaru, kamar katin launuka da aka sa a kwalin Jet Set Willy, wanda sai an duba shi kafin wasa ya buɗe. Yara suka zauna da fensiran launi suka kwafe katin.

Ilimin wasan ma da baki yake tafiya, kamar dai yadda ba a koyon langa ko dara daga littafi. Wasannin suna da tsananin wuya. Manic Miner na 1983 yana da kogo 20, rai 3 kacal, iska tana ƙarewa, babu kuma hanyar ajiye inda aka kai. Wanda ya mutu a kogo na 15 sai ya koma na farko. Saboda haka wanda ya ga kogon da saura ba su gani ba ya zama mai labari, a kewaye shi lokacin tara, ya zana taswira a bayan littafin lissafi. Ana musayar lambobin POKE, watau umarnin da yake sauya lamba ɗaya a ƙwaƙwalwar na'ura domin rai ya ƙi ƙarewa, tamkar ana musayar laƙani. Mujallu irin su Crash, wadda ta fara a 1984 daga ƙaramin garin Ludlow, suka riƙa tattara waɗannan asirai daga wasiƙun masu karatu suna bugawa, abin baka ya koma rubutacce.

Inda labari yake tafiya da baki kuwa, ƙari ba ya rasuwa. Wasan Elite na 1984, wanda ɗaliban Kambirij biyu, David Braben da Ian Bell, suka rubuta, ya ƙunshi duniyoyi 2,048, taurari rukuni 8 kowanne da 256, a cikin na'ura mai kilobait 32. Ba ajiye su aka yi ba. Daga 'yan lambobi kaɗan na'ura take lissafo su duk sa'ad da aka buƙata. Littafin jagorar wasan ya ambaci wasu manya-manyan jirage waɗanda ba a sa su cikin wasan na asali ba ko kaɗan, amma ba a rasa yaron da zai rantse ɗan'uwan abokinsa ya gan su. Jet Set Willy na 1984 kuma ya zo da aibi na gaske: duk wanda ya shiga wani ɗaki na saman gidan, sai wasu ɗakunan su lalace, shigarsu ta zama mutuwa nan take. Da farko kamfanin ya ce da gangan aka yi, daga baya ya fitar da lambobin gyara. Watau dubban yara sun shafe watanni suna fafutukar gama wasan da ba ya gamuwa, kowa yana zargin hannunsa.

Wanda ya rubuta waɗannan wasanni biyu na Willy, Matthew Smith, shekararsa 17 lokacin da Manic Miner ya fito. Wannan ya ba yara wani tunani da ba su samu daga fim ko talabijin ba, cewa mai yin abin tsaransu ne, a ɗakin kwanansa ya yi shi. Wasu sun bi sawu. 'Yan'uwa biyu, Richard da David Darling, sun kafa Codemasters a 1986 suna samari. A garin Dundee na Sikotilan, inda masana'antar Timex take harhaɗa Spectrum, aka sami kamfanin DMA Design, wanda ya fitar da Lemmings a 1991 da Grand Theft Auto a 1997.

Wane ne yake tunawa

Ƙarfin wannan tunani yana da dalilai fiye da ɗaya. Masana halayyar ɗan Adam, musamman David Rubin da abokan aikinsa a shekarun 1980, sun nuna cewa idan aka nemi manya su tuno rayuwarsu, abubuwan da suka faru tsakanin shekara 10 da 30 su ne suke rinjaye. Sa'an nan ga maimaici: wanda ya ji tsuwar kaset sau dubu ba zai manta ta ba. Dalili na uku yana cikin raunin na'urar kanta. Allon Spectrum ɗigo 256 ne a kwance, 192 a tsaye, kowane ɗan murabba'i kuma launi biyu kaɗai yake ɗauka, har idan mutum ya gifta gaban bishiya sai ya koma kore. Sauran hoton zuciyar yaro ce take cikawa, kamar yadda mai sauraren tatsuniya yake ƙera wa Dodo fuska da kansa. Shi ya sa mayyar wasan Granny's Garden na 1983, wadda ba ta wuce 'yan murabba'ai masu launi ba, ta firgita 'yan firamare har suna ambatonta bayan shekara 40. Shi ya sa kuma mutane da yawa, idan suka sake kunna tsohon wasa a yau, sukan ga bai kai yadda suke tunawa ba. Rabin abin da suke tunawa su ne suka zana shi.

Sai dai wajibi ne mai nazari ya yi hattara da wannan bege, domin ba muryar kowa ce a cikinsa ba. Fam 175 ya fi albashin mako guda na yawancin ma'aikatan lokacin, saboda haka akwai yara masu yawa waɗanda abin da suke tunawa shi ne tsayuwa a bayan kujerar wani suna jiran a ba su hannu. Tallace-tallace kuma 'ya'ya maza suka dosa, na'urar takan ƙare a ɗakin ɗa ko da kuɗin gida aka saye ta. A Amurka, rabon mata cikin masu samun digirin farko a ilimin kwamfuta ya kai kashi 37 cikin 100 a 1984, daga nan ya yi ta sauka har ƙasa da kashi 20. Jane Margolis da Allan Fisher, a binciken da suka yi a jami'ar Carnegie Mellon suka buga a 2002, sun tarar ɗalibai maza da yawa sun shigo da gogewar shekaru daga gida, mata kuwa suna ɗaukar wannan rata a matsayin gazawarsu. Ba za a ce kwamfutar gida kaɗai ta jawo hakan ba, amma daidaituwar lokacin ta isa a dube ta.

A Kambirij ma ɗin an lura da wani giɓi. Eben Upton da abokan aikinsa sun ga masu neman karatun kwamfuta suna raguwa, waɗanda suke zuwa kuma ba su taɓa rubuta shiri ba, domin na'urorin da suka gaji Spectrum a rufe suke, ba su jiran umarnin kowa. Wannan ya sa suka fitar da Raspberry Pi a 2012, ƙaramar kwamfuta mai arha domin yara, suka raɗa wa ire-irenta biyu na farko suna A da B, irin sunayen BBC Micro. Kasusuwan kuwa zarensu yana lalacewa da tsufa. Masu sha'awa sun naɗe dubban wasanni sun adana su a intanet tun tsakiyar shekarun 1990, gidajen tarihi a Bletchley Park da Kambirij kuma suna ajiye na'urori masu aiki domin baƙi su taɓa. Abin da aka fi samun nasarar adanawa shi ne wanda aka sayar a kanti. Shirye-shiryen da yara suka rubuta wa kansu, da taswirorin bayan littafin lissafi, da camfe-camfen lokacin ɗuri, kaɗan ne daga cikinsu suka shiga ma'ajiya, yawancinsu suna bakin mutanen da suka yi su.